Kabari a Gonar Tanko

Dutsin Marke, ƙasar Buza
12 ga Maris, 1984

Zuwa ga yayana Halidu, a barikin soja na Agadas.

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fatan kana lafiya, kai da iyalinka, da ƙafar nan da ke damunka in kun yi doguwar tafiya. Mu nan sai godiya. Ɗiyata Hasana ta yi ƙyanda, amma ta tashi, har ta koma neman faɗa. Ƙanenmu Ɗangana bai tafi bida neman kuɗi bana ba, yana nan gidan Baba. In mun haɗu a hanya yakan amsa gaisuwata, in ba kowa kusa.

Yaya, na san tun da ni da maigidana Tanko muka bi Almasihu, shekara shida ke nan, ba ka son ganin rubutuna. Amma gara ka ji daga bakina da ka ji daga bakin masu kamyo, direbobin manyan motocin nan.

Ka tuna Baba Ali, makahon tsohon nan mai tufkar igiya? Shi ma namu ne. Ya rasu Talatar da ta wuce, ba ɗa ba ɗan'uwa. Tanko ya je wurin maigari neman wuri a maƙabarta, aka ce wanda ya bar salla ba shi da makwanci cikin Musulmi. Liman bai yi mana tsawa ba. Ya ce dai ba shi da ikon sallatarsa, mu nemi wuri. Ga zafi, ga gawa ta fara sauyawa. Sai Tanko ya ɗauki diga ya haƙa a gonarsa ta gindin dutse, muka sa tsoho, muka yi waƙa, muka rufe.

Ranar Lahadi muna cikin rumfar da muke sujada, mu goma sha ɗaya har da yara, sai ga samari da sanduna. Suka ce mu fito. Tanko yana tsakiyar karatu, ya ce su bari ya ƙarasa ayar. Suka sa wuta a zanar baya muna ciki. Na fito da Hasana a kafaɗa, zanena yana ci. Shi kuwa suka ja shi a ƙasa ta ƙafa har bakin hanya, suka yi ta dukansa sai da haƙoransa biyu suka zube. Wani ya jefa Littafi cikin wutar. Tanko ya rarrafa ya sa hannu ya ciro shi. Tafin hannun ya saɓule, har yau ni ke ba shi abinci a baki.

Mahaman, maƙwabcinsa na garkar albasa, wanda suka shekara uku suna rigima kan rijiya, yana tsaye a wurin. Bai ɗaga sanda ba, bai kuma hana ba.

Yanzu in na je rijiyar gari mata sai su janye gugansu su tsaya, har sai na juya. Can wajen Tabotaki nake ɗebowa.

Ba roƙon komai nake ba. Ina so dai ka san muna raye.

Ƙanwarka,
Jaratu

Agadas
9 ga Afrilu, 1984

Jaratu,

Bayan gaisuwa, takardarki ta same ni lafiya. Ƙafa da sauƙi. Ki shafa mini kan Hasana.

Na karanta a tsaye, ban iya zama ba. Ni na goya ki shekarar da Inna ta rasu. Ni na riƙa tauna miki dawo ina sa miki a baki. Ban yi wannan don a ƙona ki cikin rumfa kamar ɓera a rumbu ba. Tun ranar da mutumin nan ya dawo daga asibiti da littafi a aljihu na gaya miki zai ja ki cikin rami. Shi namiji ne, in ya ga dama ya sa kansa ma a wuta, ba hannu ba. Ke fa? Yarinyar fa?

Garin nan kakanninmu suka kafa shi. Ba a taɓa hana ɗiyar gidanmu guga ba sai a kanki. Magana guda ce za ki faɗa a gaban Liman, komai ya wuce. Ki faɗa, ki koma gidan Baba. In na sami hutu sai in zo in ɗauke ki. Na rubuta wa Ɗangana. Na ce masa shi ne babba a gida yanzu, ya raba ki da Tanko ko ta halin ƙaƙa, kada in zo in tarar da ke a gidan nan.

Amma kada ki ɗauka na yafe wa waɗanda suka sa miki wuta. Addininki daban, jinina daban. Mahaman kuwa na san shi tun muna kiwon awaki, macijin ƙaiƙayi ne. Ba addini ya tsayar da shi a wurin ba, rijiyar yake so. Na sa shi a raina.

Yayanki,
Halidu

Dutsin Marke
3 ga Satumba, 1984

Yaya Halidu,

Ina gaishe ka. Ni da Hasana muna lafiya a jiki.

Tanko ya rasu ranar Juma'a.

Ban amsa takardarka ba, don ba ni da amsar da za ta yi maka daɗi. Ban koma gidan Baba ba, ban kuma faɗi maganar ba.

Ruwa ya ɗauke mana tun gero yana gwiwa. Ya ƙone ƙurmus, daga nan har Keita. Sai magana ta tashi a gari, wai kabarin Baba Ali ne ya kore hadari, sai an tone shi an jefar bayan dutse. Bayan an sauko daga masallaci suka nufi gonar da diga da sanduna. Tanko ya riga su zuwa, ya zauna a kan kabarin. Ya ce tsohon nan amana ne a hannunsa, kuma ba matacce ke riƙe da ruwa ba, Allah ne. Suka ce ya tashi, ya ƙi. Ka san gonar, duk duwatsu ne. Ba su sha wahalar nema ba.

A hannun Mahaman ya cika, kafin la'asar.

Mai kamyon da zai kai wannan Madawa ya tayar da mota, ba zan iya ƙarawa ba. Kada ka zo yanzu, Yaya. Ka bari sai na sake rubutowa.

Jaratu

Kason Madawa
28 ga Satumba, 1984

Jaratu,

Ina gaishe ki, ina yi miki ta'aziyya. Ban so mutumin ba, amma mijinki ne, uban ɗiyarki ne, kuma ba kare ba ne da za a kashe da jifa. Ni lafiyata lau. Suna ba ni abinci sau ɗaya, ya ishe ni.

Kin ce kada in zo. Wane ɗan'uwa ne zai karanta abin da na karanta ya koma fareti? Na nemi hutun kwana goma na shigo kamyo. Da na sauka Buza aka ce mini ranar kasuwar Tabotaki ce, kuma Mahaman ya kai jakinsa sayarwa. Ban biyo ta wurinki ba, don na san za ki riƙe mini riga kina kuka.

Na same shi a kara, wurin cinikin dabbobi, yana riƙe da igiyar jakin. Da ya gan ni har ya miƙo hannu biyu, wai zai yi mini gaisuwar mutuwa. Dubi rashin kunya. Akwai wani mai itace kusa, na fizge gatarinsa. Sara na farko ya kare da hannun dama, na ji ƙashi ya ba da. Na juya ƙotar na ba shi a fuska. Ya faɗi, yana kiran sunana, yana cewa in tsaya in ji. Na ce, "Tanko ma ya ce ku tsaya, kun tsaya?" Ban san sau nawa na ƙara masa ba. Mutum biyar suka danne ni kafin jandarma su iso. Jininsa ya bushe a takalmina, ban wanke ba.

Sun ce bai mutu ba. Wannan kaɗai ke damuna.

Kwana goma sha biyu ke nan ina nan, ba ki zo ba, ba ki aiko ba. Na san takaba kike, amma ko saƙon baki ai ya isa. Don ke na yi. Yanzu duk ƙasar Adar ta san Jaratu tana da wa.

Yayanki,
Halidu

Likitar Madawa
6 ga Oktoba, 1984

Yaya,

Na gaishe ka. Ka tambayi lafiyata ko ba ka tambaya ba, yatsana biyu na hagu a karye suke, sauran jiki da sauƙi. Hasana tana wurin Zaliha, wata 'yar'uwarmu a bangaskiya.

Ina cikin garin nan tun kafin ka rubuto. Kiran sallar da kake ji shi nake ji. Ban zo ba, don ban san da wane ido zan dube ka ba. Ina asibiti a bakin gadon Mahaman, ni da matarsa Balki.

Yaya, me ka karanta? Na ce a hannunsa ya cika. A kan cinyarsa, yana tallabe da kansa. Na yi ta juya maganar nan a raina har na kusa zaucewa. Da mai kamyo ya ba ni ko ɗan lokaci kaɗan, da na ƙara layi ɗaya.

Ga abin da ya faru. Lokacin da suka fara jifa ina bakin gona, mata biyu sun riƙe ni. Liman yana ta ɗaga sanda yana cewa wannan ba Musulunci ba ne, ba mai jin sa. Dutse na farko ya sami Tanko a kafaɗa, na biyu a baki. Bai tashi ba, ya dai dafa ƙasar kabarin da hannun nan da ya ƙone. Sai wani babba, kamar dutsen niƙa, ya same shi a bayan kunne, ya kife. Ba su daina ba. A nan ne Mahaman ya taho a guje daga garka, da laka a ƙafafunsa, ya faɗa a kansa ya rufe shi da jikinsa. Ya ce, "Ku kashe mu tare, in ya so ku gaya wa Allah ruwa kuke nema." Duwatsu huɗu ya sha a baya kafin hannuwa su yi sanyi. Shatin yana nan, na gani da idona da nake goge masa jiki.

Shi ya ɗora shi a amalanken jakinsa, muka kama hanyar Buza. Ya ba ni igiya, shi ya zauna a baya ya rungume shi saboda gargada. Wajen busasshiyar ƙoramar nan Tanko ya buɗe ido ya nemi ruwa. Ya ce da Mahaman rijiyar nan dai ta Mahaman ɗin ce tun farko, shi Tanko ne ya yi taurin kai. Ya kira sunan Yesu sau biyu, shi ke nan. Mahaman ya rufe masa ido. Shi ya haƙa masa kabari kusa da na Baba Ali, ya tsaya da diga a hannu, ba wanda ya ƙara matsowa. Jakin da ka gan shi da shi a kasuwa, zai sayar ne ya sayo hatsi, gidansa da gidana.

An yanke wa Mahaman hannun daga saman gwiwa. Idon hagu ya tsiyaye.

Ranar da labari ya iso gari, danginsa suka zo gidana da rana tsaka. Suka ce ni na kira ka. Suka ƙone ɗakin da rumbun, ɗaya ya kai wa Hasana sanda na tare da hannu. Ban ga laifinsu sosai ba. Da na iso nan Balki ta tofa mini yawu a fuska. Na goge na zauna. Kwana uku ba ta yi mini magana ba, ran na huɗu ta miƙo mini tsumma da ƙwarya, don ita kaɗai ba ta iya juya shi.

Ka ce don ni ka yi. Ban aike ka ba, Yaya. Ubangijin da nake bi, wanda Tanko ya mutu yana kira, ya hana ni ramuwa, ko da ka sami mai laifin ne. Balle wannan.

Jaratu

Kason Madawa
20 ga Oktoba, 1984

Ƙanwata,

Ina gaishe ki. Yaya yatsun? Yaya jikinsa? Ban iya rubuta sunansa ba.

An yanke mini shekara uku, an tuɓe mini kaki. Gobe za a kai ni Tawa. Da alƙali ya tambaye ni ko ina da magana na ce babu. Tun da takardarki ta zo nake mayar musu da abincinsu. In na ɗaga hannu zan yi kabbara, sai in ga hannuwan nan biyu da ya miƙo mini. Na ba wani fursuna takalman.

Abu biyu nake so ki gaya mini.

Na ɗaya, wa ya jefa babban dutsen? Kina wurin, kin gani. Kin faɗi kafaɗa, kin faɗi baki, kin faɗi bayan kunne, amma kin tsallake suna. Na san rubutunki. Akwai abin da kike ɓoyewa.

Na biyu, har yanzu bai isa ba? Mijinki yana ƙasa, ɗakinki toka, mutumin kirki ya nakasa, ni ina nan. Duk a kan littafi ɗaya. Ba faɗa nake yi miki ba yanzu, ba ni da bakin faɗa. Tambaya nake. Me kike samu a ciki da ya fi wannan duka?

Halidu

Dutsin Marke
17 ga Yuni, 1985

Zuwa ga yayana Halidu, a kason Tawa.

Gaisuwa da fatan kana lafiya. Matarka ta aiko cewa tana gidan iyayenta da yara, duk lafiya. Yatsuna sun haɗe, a karkace dai, amma suna riƙe guga. An yi ruwan shuka ranar Asabar, mai yawa. Kaburburan suna nan inda suke.

Wata takwas ina riƙe da tambayoyinka. Na farkon ne ya hana ni rubutu.

Ɗangana ne.

Na gan shi ya sa hannu biyu ya ɗauko dutsen, ya ɗaga har sama da kansa. Na kira sunansa, ya ji ni. A ranar ya gudu Najeriya. Da jandarma suka tambaye ni na gaya musu gaskiya, don ba zan yi ƙarya ba ko don ɗan'uwa. Kai ne na ɓoye wa, saboda na ga abin da hannunka ke yi.

Ya dawo watan jiya cikin waɗanda aka koro daga can, yana tarin jini. Dangi suka bar shi a zauren gidan Baba, suna tura masa ruwa da sanda don tsoron ciwon. Kwana biyu ina wucewa ta ƙofar ina jin tarinsa. Ran na uku na shiga. Da ya gan ni ya ja jiki ya manne da bango, ya ɗauka na zo da wani abu. Sai ya ciro takardarka daga layar wuyansa, ta yi baƙi don gumi. Ya ce, "Yaya ya ce ko ta halin ƙaƙa." Na ce masa Yaya bai ce ka ɗauki dutse ba, kai ka ɗauka. Amma kai ma ka ji, Yaya Halidu. Ba don in ƙara maka nauyi na faɗa ba. Ka tambaya ne.

Yana kwance yanzu a bukkar da 'yan'uwa suka tayar mini. Na gaya masa in ya warke zan raka shi wurin hukuma da kaina, ya ce to. Kada ka ɗauka abin yana zo mini da sauƙi. Kullum in na ɗauki ƙwaryar kununsa sai in ga hannuwansa a sama da dutsen. Akwai ranar da na ajiye ƙwaryar na zaga bayan ɗaki na yi amai. Na wanke baki na dawo na ba shi.

Tambayarka ta biyu. Maigari ya kira ni da rani, ya ce in faɗi kalma ɗaya a mayar mini da guga da mutunci, har a yi mini miji. Ban amsa masa nan take ba, Yaya, gaskiya na yi sha'awa. Na gaji da tafiyar ruwa, na gaji da ganin Hasana tana wasa ita kaɗai. Na je gonar na zauna har rana ta yi tsaka. Abin da na gani shi ne, duk wanda ya ce yana sona a shekarar nan, da sanda ko gatari ko dutse ya nuna mini. Yesu kaɗai ne ya ɗauki dukan a jikinsa, bai ɗora wa wani ba. In na bar shi, ba abin da zai hana ni shiga zauren nan da taɓarya. Na san zuciyata. Na koma na ce wa maigari na gode, amma a'a.

Mu huɗu muka rage, duk mata. Muna taruwa ran Lahadi a gindin gawon da ke gonar. Makon jiya wani ya jefo dutse daga bayan tudu ya tsaga wa Zaliha kunne. Muka ɗaure mata da gefen zane muka ƙarasa waƙar.

Ni da Balki muke ja wa Mahaman ruwa a garka, shi yana gyara hanyar ruwa da hannu ɗaya. Na ce masa za ka so ka roƙe shi gafara. Ya ce in bar shi tukuna, bai kai nan ba. Ban matsa masa ba.

Saura kai. In ka fito, gidana gidanka ne. Amma in ka zo neman Ɗangana da wani abu a hannu, ni za ka fara tararwa a bakin ƙofa, kuma ba zan kauce ba.

Ina jin tarinsa daga nan. Kunun ya huce, bari in kai masa.

Ƙanwarka,
Jaratu